Yadda Ake Hawa Benen Bulokcen A Sauko Lafiya, Don Kauce Wa Tsadar Kuɗin Gas

Wani ƙanena mai zanen tambari da fosta a kwamfuta ya kira ni wata rana bayan isha'i, muryarsa duk ta canza. Wani da ya yi wa aiki daga waje ya biya shi dala 30 ta USDT, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dala. Kuɗin suna nan cikin walat, wato manhajar ajiyar kirifto, yana kallonsu, amma sun ƙi motsi. Duk sanda ya danna tura, sai waya ta ce masa ba shi da ETH, kuɗin bulokcen na Ethereum, na biyan gas, wato ladan da ake biya kafin ciniki ya wuce. Da ya duba abin da ake nema, sai ya ga ya tasar ma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ya ce, "Yaya, yanzu kuɗin mota ne zai cinye kuɗin kaya?"

Ba damfararsa aka yi ba. An dai turo masa kuɗin ta babbar hanyar Ethereum ne a ranar da hanyar ta cika. Abin da zan zayyana a nan shi ne abin da na zaunar da shi na koya masa bayan wannan daren: yadda mutum zai mayar da hada-hadarsa hawa na biyu, wanda 'yan harkar ke ce wa L2, da yadda zai fito da kuɗinsa idan ya gama. Fitowar ma ta fi shigar muhimmanci, don a nan ne mutane suka fi kuka.

Da farko, daga ina cunkoson yake zuwa?

Bulokcen littafin ciniki ne da dubban kwamfutoci a duniya kowace ke riƙe da kwafinta. Kafin a yarda da shafi guda, sai kowace ta duba ta tabbatar. A Bitcoin ana buɗe sabon shafi kusan duk minti 10, kuma abin da shafin ke ɗauka idan aka raba bai wuce ciniki bakwai a daƙiƙa ba. Ethereum na buɗe shafi duk daƙiƙa 12, tana ɗaukar tsakanin 15 zuwa 30 a daƙiƙa. Idan masu son shiga suka fi gurbin yawa, sai a koma gwanjo: wanda ya fi biya shi ake fara rubutawa. Tun Disambar 2017 aka fara ganin haka ƙarara, lokacin da wasan kiwon kyanwoyi na CryptoKitties shi kaɗai ya toshe Ethereum.

Lissafin gas ɗin ba shi da wuya. Tura ETH zalla yana cin gas 21,000. Tura token, wato wani kuɗin da aka ɗora a kan hanyar, irin USDT, yana cin kusan ninki uku na haka. Kowane gas guda ana sa masa farashi da gwei, wato kashi ɗaya cikin biliyan na ETH. A ce gas 65,000 ne, farashi gwei 50, ETH kuma a dala 3,000. Ka ga an tashi a 0.00325 ETH, kusan dala 10 ke nan. Kuma ko dala 30 za ka tura ko dala 30,000, kuɗin ɗaya ne, domin gurbin shafi ake saya, babu ruwan hanya da nauyin aljihunka. Shi ya sa talaka ne ya fi jin zafin.

Wani zai ce to a faɗaɗa shafin mana. An yi wannan rigimar, har ta raba gidan Bitcoin a watan Agustan 2017 aka haifi Bitcoin Cash. Matsalar ita ce idan shafi ya yi girma, ƙaramar kwamfuta ba za ta iya riƙe littafin ba, sai manyan kamfanoni kaɗai, kuma daga nan amana ta koma hannun mutane ƙalilan. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya shahara da bayanin cewa abu uku ne ake ja-in-ja a kansu: tsaro, da rarrabuwar iko, da yawan abin da hanya ke ɗauka. In ka jawo biyu, na ukun sai ya zame.

Dabarar hawa na biyu ita ce a bar babban littafin yadda yake, a kai hayaniyar wani wuri. Ka ɗauki 'yan kasuwa ɗari da kowanne ke da buhu biyu zai aika Legas daga Dawanau. Babu mai ɗaukar shatar tirela shi kaɗai. Wani ne ke tattara kayan, ya loda mota guda, a yi takarda guda, kowa ya biya ɗan kasonsa. Haka rolof yake: yana karɓar dubban ciniki a nasa filin, ya matse su ƙunshi guda, ya kai wa Ethereum ta adana. Arbitrum One da aka buɗe wa kowa a Agustan 2021, da OP Mainnet, da Base na kamfanin Coinbase da ya fito a Agustan 2023, duk wannan aikin suke yi. A ranar 13 ga Maris 2024 Ethereum ta yi gyaran da ake kira Dencun, ta ware wa waɗannan ƙunsoshin wurin ajiya na musamman mai araha wanda ake sharewa bayan kimanin kwana 18. Daga ranar kuɗin ciniki a hawa na biyu ya faɗo, har ya zama a yawancin lokaci senti ɗaya ko biyu ne, wani lokacin ma bai kai ba.

Rolof iri biyu ne, kuma bambancin zai shafe ka ranar fita. Akwai masu kyautata zato, su Arbitrum da OP da Base: suna kai lissafi a karɓa a kan cewa daidai ne, amma a bar ƙofar ƙorafi a buɗe kusan kwana bakwai ko wani zai kawo hujjar maguɗi. Akwai kuma masu zuwa da hujjar lissafi a hannu, waɗanda ake kira ZK, irin su zkSync Era da Starknet da Scroll da Linea. Su ba a jiran mako, da zarar Ethereum ta tantance hujjar an gama.

Mataki na farko: fara daga inda kuɗin za su ƙare

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji an ce netwok kaza ya fi araha, sai ya kwashi kuɗinsa ya kai can, sannan ya fara tambayar yadda zai mayar da su naira. Ka juya tsarin. Kafin ka taɓa komai, buɗe manhajar kasuwar da kake sayar da kirifto a cikinta, ko ka tambayi wanda kuke P2P da shi, wato cinikin mutum da mutum. Shiga wajen ajiya, zaɓi kuɗin da kake riƙe da shi, ka karanta jerin netwok ɗin da suke karɓa. Abin da ba ya cikin jerin nan, kada ka bi ta kansa ko da kyauta ne.

Wannan ya fi matsa mana a Najeriya saboda ƙofofin namu suna buɗewa suna rufewa. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, sannan a Maris 2024 Binance ta daina hada-hadar naira. Kasuwar da ka saba da ita bara ba lallai ita ce ta bana ba, kuma kowace da nata jerin.

Bari in faɗi wata gaskiya da masu son Ethereum ba sa son ji. Yawancin cinikin USDT a wajenmu ta Tron ake yinsa, wanda muke ce wa TRC20, sai kuma BEP20 ta BNB Chain. Waɗannan ba hawa na biyu ba ne, gidaje ne masu zaman kansu da nasu masu gadin, kuma masu gadin ba su da yawa. Polygon PoS ma, duk da kusancinta da Ethereum, tana da nata masu tantancewa. Idan abokin cinikinka TRC20 kaɗai ya sani, ba laifi ka bi shi. Amma in kana da zaɓi, kuma kana son araha tare da jinginar da kuɗinka ga tsaron Ethereum, to Arbitrum ko Base ne na fi ba da shawara ga mai farawa. A Arbitrum USDT da USDC, wadda ita ma darajar dala take bi, duk suna gudana. A Base kuwa USDC ce mai gari.

Mataki na biyu: shirya walat

Kana buƙatar walat da makullinta ke hannunka, kamar MetaMask ko Trust Wallet ko Rabby. Sauke ta daga shafin kamfanin ko ma'ajiyar manhajoji ta wayarka, ba daga mahaɗin da aka jefo a zauren Telegram ba. Za ta ba ka kalmomin sirri 12. Rubuta su a takarda da biro, a jere yadda suka zo. Kada ka ɗauki hoton allo, kada ka aika wa kanka ta WhatsApp, kada ka bar su a wayar da za ka kai wa mai gyara.

Sai ka kunna netwok ɗin da ka zaɓa. Manyan walat suna zuwa da su a ciki, kunnawa kawai za ka yi. Idan ta kama sai ka shigar da hannu, lambar shaidar kowane netwok ita ce abin dubawa: Ethereum 1, OP Mainnet 10, Base 8453, Arbitrum One 42161. In wani shafi ya nemi ya ƙara maka "Arbitrum" amma lambar ta saɓa, rufe shi.

Ga abin da ke rikita sabon shiga: adireshinka ɗaya ne a duk waɗannan netwok ɗin. Yana farawa da 0x, haruffa da lambobi 40 na biye. Amma abin da ke cikinsa a Ethereum daban, na Arbitrum daban, na Base daban. Kamar mutum ne mai shago a Kwari da Singa da Sabon Gari, duk lambar shagon ɗaya ce, amma kayan da aka sauke a Singa ba za ka je Kwari ka same su ba. Adireshin Tron shi da T yake farawa, don haka ba ya haɗuwa da waɗannan.

Mataki na uku: fara kai man mota kafin kaya

A Arbitrum da OP da Base da ETH ake biyan gas, kuma dole ETH ɗin ya kasance a kan netwok ɗin da kake ciki. ETH ɗinka na babbar hanya ba zai biya maka gas a Base ba. A Polygon PoS da POL ake biya, wanda a da ake kira MATIC kafin canjin Satumbar 2024. A Tron kuwa TRX ne.

Saboda haka abu na farko da zai shiga sabon gidan shi ne ETH na dala biyu ko uku. Wannan zai kai ka ciniki masu yawa. In ka tsallake wannan ka fara tura USDC, za ka zauna kana kallon kuɗinka kamar ƙanena, sai dai kai gas ɗinka senti ne amma ko shi ba ka da shi.

Mataki na huɗu: shiga

Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta yawancinmu. Idan kuɗinka suna kasuwar musaya ne, je wajen cirewa, liƙa adireshinka na 0x, sannan a wajen zaɓen netwok ka zaɓi Arbitrum One ko Base. Shi ke nan, ba ka taka babbar hanya ba sam. Ka lura akwai Arbitrum One, akwai Arbitrum Nova, ba abu ɗaya ba ne. Dubi kuɗin cirewa da aka rubuta a gefen kowane netwok kafin ka tabbatar, za ka ga tazarar da idonka.

Ƙofa ta biyu ta wanda kuɗinsa suka riga suka kasance a walat a kan Ethereum ce. Shi sai ya bi ta gada. Gada yarjejeniya ce, wato manhaja mai gudana a kan bulokcen, da ke kulle kuɗinka a ƙasa, ta fitar maka da kwatankwacinsu a sama. Ga yadda ake yi da gadar Arbitrum ta hukuma. Rubuta adireshin shafin da hannunka, bridge.arbitrum.io, kada ka danna sakamakon farko na Google, don sau da yawa talla ce, kuma 'yan damfara na sayen wannan gurbin da shafi mai kama da na gaskiya sak. Haɗa walat ɗinka. Zaɓi daga Ethereum zuwa Arbitrum One. Sa adadin, amma kada ka danna "duka" idan ETH ne, bar abin biyan gas. In token ne za a nemi sa hannu sau biyu: na farko izini ne ga gadar ta taɓa token ɗin, na biyu shi ne turawar. Kowanne da gas ɗinsa na babbar hanya. Daga nan ka jira kamar minti 10 zuwa 15.

Tunda wannan tsallakawar da farashin babbar hanya ake biyanta, lokaci yana da tasiri. Duba farashin gas a shafin Etherscan tukuna. Safiyarmu, lokacin da Amurka ke barci, musamman Asabar da Lahadi, ta fi sauƙi. A gaskiya tun da hayaniya ta koma hawa na biyu, babbar hanyar kanta takan yi araha sosai na tsawon lokaci. Sai dai ba ta da alƙawari. Ranar da kasuwa ta rikice kowa ke gudun sayarwa, ranar ce kai ma kake son motsa kuɗinka, kuma ranar ce farashin ke tashi sama.

Mataki na biyar: ɗanɗana kafin ka zuba

Duk sabon adireshi ko sabon netwok, fara da dala ɗaya ko biyu. A hawa na biyu gwajin bai fi senti ba, don haka babu uzurin ƙin yi. Bayan ka tura, kwafi lambar cinikin ka liƙa a Arbiscan idan Arbitrum ne, ko Basescan idan Base ne. Nan za ka ga ko ya wuce, da adireshin da ya karɓa, da abin da aka caje ka. Idan walat ba ta nuna kuɗi ba amma shafin binciken ya nuna, kuɗin suna nan, token ɗin ne ba ka ƙara a jerin walat ba.

Akwai wata damfara da arahar gas ta sa ta yi yawa. Ɓarawo na lura da wanda kake yawan tura wa kuɗi, sai ya ƙirƙiri adireshi mai farko da ƙarshe iri ɗaya da nasa, ya turo maka ɗan abin da bai kai komai ba don adireshin ya shiga tarihin cinikinka. Gobe kana sauri, ka kwafo daga tarihi, ka duba haruffa huɗun farko da huɗun ƙarshe ka ga sun yi daidai, ka tura. Kada ka taɓa kwafar adireshi daga tarihi. Karɓo shi daga mai shi, kuma ka duba tsakiyarsa.

Mataki na shida: san irin takardar kuɗin da ke hannunka

A kan netwok guda za ka iya samun USDC iri biyu. A Arbitrum akwai USDC ta asali da kamfanin Circle ya fara fitarwa kai tsaye a Yunin 2023, akwai kuma tsohuwar da ta hauro ta gada, mai suna USDC.e. A Base tsohuwar ana kiranta USDbC. Darajarsu kusan ɗaya ce, amma yarjejeniyarsu daban, kuma kasuwar da ta ce tana karɓar USDC a Arbitrum galibi ta asalin take nufi. Adireshin yarjejeniyar ta asali a Arbitrum yana farawa da 0xaf88, na USDC.e kuma da 0xFF97. Cikakken jerin yana shafin Circle. In ka ga tsohuwar ce a hannunka, canza ta zuwa ta asali a Uniswap, shafin musayar token, kafin ka aika kasuwa, kuɗin canjin kaɗan ne.

Duk sanda wani shafi ya nemi izinin taɓa token ɗinka, walat za ta nuna maka adadin. Da yawa suna neman izini mara iyaka. Gyara shi zuwa daidai abin da za ka kashe. Lokaci-lokaci ka leƙa shafin Revoke.cash ka soke tsofaffin izini. Token ɗin da ka wayi gari ka gani a walat ba ka san daga ina yake ba, mai ɗauke da sunan wani shafi yana cewa zo ka karɓi kyauta, ƙyale shi a inda yake. Mu da muka saba da jiran eyadirof, wato rabon token kyauta, tun zamanin danne-dannen waya, wannan tarkon da mu aka ɗana shi.

Mataki na bakwai: saukowa

Hanya uku ce, kuma kowace da abin da take ci.

Mafi sauƙi ita ce ka tura kai tsaye zuwa kasuwar musaya da ke karɓar netwok ɗin, wato abin da ka riga ka tabbatar a mataki na farko. Cikin mintuna kuɗi sun shiga, ka sayar, naira ta faɗo. Kowane lokaci ka buɗe shafin ajiya ka sake duba netwok da mafi ƙarancin abin da suke karɓa, don abin da ya gaza wannan adadin sau da yawa ba a saka shi a asusu.

Ta biyu ita ce gadar hukuma, idan Ethereum kake son komawa. A nan ne kwana bakwai ɗin nan ke jiranka. A Arbitrum za ka fara cirewa daga sama, ka jira kusan mako, sannan ka dawo shafin ka danna karɓa. A OP da Base akwai ƙarin mataki a tsakiya: bayan ka fara, sai ka dawo ka gabatar da hujjar cirewar a Ethereum, kuma daga lokacin ne kwana bakwai ke fara ƙirguwa. Na san wanda ya fara cirewa ya tafi harkarsa, ya dawo bayan mako ya tarar agogon bai ma fara tafiya ba. Kuma matakan ƙarshen nan a babbar hanya ake yinsu, don haka sai kana da ETH a can. Da zarar ka fara ba a fasawa. Wanda zai biya kuɗin makaranta jibi kada ya bi nan. A netwok ɗin ZK jiran sa'o'i ne, ba kwanaki ba.

Ta uku ita ce gadojin sauri irin su Across da Stargate da Hop. Su kamar mai POS suke: yana da kuɗi a hannu a ɗaya gefen, ya ba ka nan take, ya cire ladansa, shi ya zauna jiran mako. Suna da amfani ƙwarai, musamman daga wannan hawa na biyu zuwa wancan. Amma ka sani gada na cikin wuraren da aka fi yin fashi a harkar nan, saboda nan kuɗi ke taruwa. A shekarar 2022 kaɗai an kwashe sama da dala miliyan 300 daga Wormhole a Fabrairu, sama da miliyan 600 daga gadar Ronin a Maris, da kusan miliyan 190 daga Nomad a Agusta. Ni dai ƙa'idata ita ce gada wurin wucewa ce. Ba na kwana a kanta, kuma babban kuɗi kashi-kashi nake tsallakar da shi.

Idan abu ya cije

In ka tura kuɗi zuwa walat ɗinka ta netwok ɗin da ba shi ka yi niyya ba, misali Base maimakon Arbitrum, kwantar da hankalinka. Makulli ɗaya ne ke buɗe duka shagunan. Kunna wancan netwok ɗin, za ka gan su. In kuwa adireshin kasuwa ka tura wa ta netwok ɗin da ba sa karɓa, makullin yana hannunsu. Sai ka rubuta wa sashen taimakonsu daga cikin manhajar, ka haɗa da lambar cinikin. Wasu kan dawo da shi bayan sun caje ka, wasu ba sa yi. Duk wanda ya biyo ka ta saƙon sirri yana cewa shi ma'aikaci ne zai taimaka ka dawo da kuɗinka, ɓarawo na biyu ne ya zo ɗaukar ragowar.

Wani lokacin kuma netwok ɗin ne ke tsayawa. Yawancin rolof a yau na'ura guda ce ke jera cinikinsu, kuma kamfanin da ya gina su ne ke riƙe da ita, kamar ɗan kamasho guda a tasha. A Disambar 2023 ta Arbitrum ta tsaya fiye da sa'a guda saboda cunkoso. Kuɗi ba su ɓata ba, amma babu mai iya motsa su. Tsarin Arbitrum ya tanadi hanyar tilasta shigar da ciniki ta Ethereum idan mai jerawar ya yi biris da kai na kimanin sa'a 24, sai dai ba aikin sabon shiga ba ne. Kafin ka ajiye kuɗi mai nauyi a kowane hawa na biyu, buɗe shafin L2BEAT. Suna auna kowanne a mataki 0 ko 1 ko 2, gwargwadon yadda ya rage dogaro da masu shi. Za ka ga manyan ma yawancinsu ba su kai 2 ba, kuma akwai masu kiran kansu hawa na biyu alhali bayanan cinikinsu ma ba a Ethereum suke ajiyewa ba.

Ga masu Bitcoin: Lightning

Benen Bitcoin daban yake, sunansa Lightning. Joseph Poon da Thaddeus Dryja ne suka fitar da tsarin a 2015, aka fara amfani da shi sosai a 2018. Ka san littafin mai shagon unguwa: kullum kana karɓar sukari da madara yana rubutawa, ba a kawo kuɗi sai ƙarshen wata a yi jimilla. Haka mutum biyu ke kulle Bitcoin a asusun haɗin gwiwa da ciniki guda a babban littafi, su yi ta musaya tsakaninsu sau dubu, sai ranar rufewa a rubuta sakamakon. Kuma in kana da layi da wani, shi yana da layi da wani, kuɗinka na iya bi ta kansu su isa ga wanda ba ka taɓa hulɗa da shi ba, cikin daƙiƙoƙi.

A aikace, za ka zaɓi walat. Akwai masu riƙe maka kuɗin, masu sauƙi amma amana ce ka ba su, akwai irin Phoenix da makulli ke hannunka. A irin ta biyun, karɓar farko takan zo da caji saboda sai an buɗe maka layi a babban littafi, don haka kada ka fara da ɗan mitsitsin kuɗi, cajin zai cinye shi. Don karɓa, danna karɓa, sa adadi da satoshi, wato kashi ɗaya cikin miliyan 100 na Bitcoin. Walat za ta fitar da takardar biya mai farawa da lnbc tare da hoton QR. Sau ɗaya ake biyanta, kuma tana da wa'adi, in ya wuce sai ka fitar da sabuwa. Kada ka haɗa ta da adireshin Bitcoin na ƙasa mai farawa da bc1. Manyan kasuwanni irin su Kraken da Binance da Coinbase suna da zaɓin Lightning a wajen cirewa. Idan biya ya ƙi wucewa, yawanci layukan da ke tsakani ne ba su da isasshen kuɗi a ɓangaren da ake buƙata. Raba shi gida biyu ka sake gwadawa. Lightning ta ƙananan biya ce na yau da gobe, ajiyar shekara kuwa a ƙasa ake barinta.

Dala 30 ɗin ƙanena kuwa, ga yadda muka yi. Gada ba ta da amfani a kan kuɗi kaɗan haka, tunda izini da turawa gas biyu ne. Muka bari har safiyar Lahadi farashi ya sauko, na tura masa ɗan ETH daidai na ciniki guda, ya aika USDT ɗin kai tsaye zuwa kasuwar da yake sayarwa. Sannan ya rubuta wa mai ba shi aikin cewa nan gaba a biya shi da USDC ta Arbitrum One, ya kuma sa wannan layin a ƙasan takardar farashinsa, kusa da adireshin walat ɗin.